Sawu Ba Ƙafa a Gaɓar Kwarin Gamji

Masu ɗibar tumatir ne suka fara ganin gawar Tanimu, rana ta ɗan ɗago. Yana kwance a kan yashi a gaɓar dam ɗin Kwarin Gamji, an miƙe masa ƙafafu, an rufe masa ido. Wato dai wani ya riga kowa zuwa wurin, ya kuma tafi bai ce uffan ba. Mamari, zaren nan mai tarin ƙugiyoyi da masunta ke shimfiɗawa a ruwa, ya nannaɗe shi, ƙugiyoyin sun cika masa riga da wando. Gorar da yake hawa ya yi su tana can cikin ruwa, bakinta a ƙasa.

Tanimu kuwa ba mutumin da zai faɗo daga kan gora haka kawai ba ne. Tun yana saurayi yake kwanciya rub-da-ciki a kanta, yana tuƙi da hannu da ƙafa, har furfura ta cim masa a haka. Ranar babu iska, babu hadari, bazara ce tsagwaronta, ruwa a kwance lumui. Kuma a cikin turaku abin ya faru. Turakun nan masu jan ƙyalle, Sarkin Ruwa Bature ne ya kafa su da hannunsa, ya sa doka: duk jirgi mai inji da ya iso turke ya kashe inji, ya ɗauki filafili ya tuƙa har gaɓa, don igiyar ruwan da inji ke tadawa tana kifar da mai gora.

Kafin a dawo daga maƙabarta gari ya gama shari'a. Mutanen Kwarin Gamji ba su da sauri wajen yashe rijiya ko gyaran hanya, amma wajen gano mai laifi ba wanda ya kai su. Suka ce Labo ne. Labo Bamaguje ne, gidansa kaɗai ya rage a kan addinin kakanni a duk yankin, gonar albasarsa kuma ita ce dab da inda aka tsinci gawar. Kowa ya san iyayensa ne ke yi wa uwar ruwa yanka tun dam ɗin yana rafi. Ba a bukaci wata hujja bayan wannan ba.

*

Hafsatu, matar mamacin, ita ta aika a kira mata Malam Awaisu. Maharbi ne tun asali, amma da namun daji suka ƙare sai sawun ɓarayin shanu ya zama abin farautarsa. Daga Malumfashi har Dandume, in an kore garke shi ake nema. Mutum ne mai gajen haƙuri da jama'a, amma yana iya tsugunawa a kan sawu guda har ƙafarsa ta yi sanyi.

Ta yi masa magana daga bayan asabari, don tana takaba.

"Baba, duk wanda ya shigo gaisuwa da sunan Labo yake shigowa. Ni ban gani ba. Gobe yaran nan za su tambaye ni abin da ya kashe ubansu, ba na so in ba su jita-jita."

"Allah ya jiƙansa. Zan je in duba ƙasa," in ji Awaisu. "Abin da na gani shi zan kawo miki, ko da daɗi ko babu."

Ya tarar an tattake gaɓar kamar filin sussuka. Ya yi tsaki, ya zagi 'yan kallo a ransa, sannan ya koma can gefe inda ƙafa ba ta kai ba. Nan ya sami sawun Labo, wanda ba ya ɓata saboda karkataccen babban yatsansa na hagu. Sawun ya fito daga gona da gudu, yatsu sun nutse cikin yashi, ya faɗa ruwa. Ya kuma fito da baya da baya, diddige ya lume, ga alamar jan abu mai nauyi a gabansa. Awaisu bai taɓa ganin wanda ya je kisa ya bar sawu irin wannan ba. Wannan gudun ceto ne.

Abin da ya tsayar da shi yana gaba kaɗan. In bazara ta yi, dam yakan ja da baya ya bar fegin laka mai haɗiye mutum har gwiwa. A kan lakar nan akwai wata hanya mai faɗin amalanke, sumul kamar an yi mata daɓe. Ta fito daga ruwa, ta lanƙwasa kusa da gonar Labo, ta sake komawa ruwa. Babu kofato, babu taya, babu kwarin da gindin kwale-kwale ke bari. Hatta sawun balbelu, da ya cika ko'ina, a cikinta an share shi tas.

"Jan cikin uwar ruwa ne," in ji wani daga cikin masu leƙe. "Ta fito ta gaida mai gidanta ta koma."

Awaisu ya ci gaba da duban hanyar. Shi bai taɓa musun aljanu ba. Sai dai a tsawon rayuwarsa, duk sawun da aka ce nasu ne, in ya bi shi sai ya ƙare a ƙofar gidan wani mai cin tuwo.

*

A zauren Dagaci aka kawo Labo. Dogon tsoho ne, siriri, ya durƙusa yana murza hularsa. Awaisu ya shiga da niyyar faɗin abin da ya gani, amma Labo ya riga shi, ya kuma ɓata masa aiki gaba ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ni ne," in ji Labo. "Bana ban yi wa uwar ruwa yankan ba. An yi ta min magana, ana cewa ina ɓata wa gari ruwa, sai na bari don a zauna lafiya. Ga shi ta fito ta karɓa da kanta. Aradu da na san Tanimu za ta ɗauka, da bunsuru nawa ne ban ba ta ba?"

Zaure ya kaure. Samarin da ke waje suka fara maganar ashana da fetur. Sarkin Ruwa Bature ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Kun dai ji da bakinsa. Ni ba zan sake tura masunci ruwa ba muddin mutumin nan yana gaɓa. Ya tashi ya ba mu wuri."

Dagaci ba mugun mutum ba ne, mai gudun tashin hankali ne kawai. Ya yanke cewa kafin ranar kasuwa ta zagayo Labo ya kwashe iyalinsa ya bar gari, kuma kada wanda ya taɓa shi ko gidansa kafin nan.

"Ranka ya daɗe," in ji Awaisu, "yankan da ba a yi ba ba ya barin sawu. Ni kuwa na ga sawu. A bar ni in bi."

"Kana da zuwa ranar kasuwa, Malam Awaisu. Bayan nan ba zan iya riƙe yaran nan ba."

Da suka fito, Bature ya dafa kafaɗarsa. Sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya. "Awaisu, ruwa ba daji ba ne. Ka bar wa masu shi."

*

Mutum ɗaya ne a garin ke da kwale-kwale mai inji, wato Ummaru, mai ƙetarar da mutane zuwa ƙauyukan hayi. An taɓa kama shi ya wuce turke da inji a kunne, kuma shi da Tanimu ba sa shan inuwa ɗaya tun daga lokacin, don Tanimu ne ya kai ƙararsa. Awaisu ya same shi a gindin jirgin yana toshe ɓaraka da kwalta.

"Na san za ka zo," in ji Ummaru. "Duba bayan jirgin."

Awaisu ya duba. Wurin inji wayam, gizo-gizo har ya yi saƙa a kan katakon.

"Yana Malumfashi wurin makaniki tun kafin azumi. Kullum sai ya ce min gobe. Je ka tambaye shi, in ka same shi ka taya ni yi masa faɗa."

"Ranar da abin ya faru, ka ji ƙarar inji a ruwa?"

Ummaru ya yi dariya. "Malam, da bazara? Daga asuba injunan ban-ruwa ke kuka ta ko'ina a gaɓar nan. Ko jirgin sama ya sauka a dam ba wanda zai waiwaya."

Ko da injin yana nan ma, Awaisu ya san kwale-kwale ba ya hawan laka. Ya bar Ummaru da kwaltarsa.

*

Labo yana gona, yana zaune a kan kunyar albasa bai taɓa komai ba. Daga cikin gida ana jin matarsa Mairo tana harhaɗa tukwane.

"Bar maganar yanka," in ji Awaisu. "Faɗa min abin da idonka ya gani."

"Na fito ban-ruwa, gari bai gama wayewa ba. Sai na ji ruri. Na ɗaga kai, sai ga wani farin feshi yana gudu a saman dam, ya hau laka ya nufo ni. Iska ta watsa min laka a ido, na kife a ƙasa ina kiran sunan ubana. Da na ɗago ya koma ruwa. Can na hangi gorar Tanimu a kife. Na ruga, amma mamari ya riga ya riƙe shi a ƙasa."

"Me ya hana ka kiran mutane?"

"In kira su in ce me, Malam? In ce ga ni da gawar Musulmi a hannu, a bakin gonata?"

Awaisu ya tashi ya bi gefen gonar da ke kallon laka, inda Labo ya shuka layin yakuwa. Duk sun kwanta sun ba wa hanyar nan mai santsi baya. Ya tsuguna ya juya ganye ɗaya. Samansa fes, ƙarƙashinsa kuwa laka ce ta bushe a jiki. Ya juya wani, haka. Ya bi layin har ƙarshe, duk haka. Sai ya naɗe wando ya kutsa cikin laka, ya ƙetara zuwa ɗaya gefen hanyar inda ciyawar ruwa ta tsiro. Ita ma ta kwanta, amma ta kalli wancan ɓangaren.

Ya daɗe a tsaye cikin laka. Iskar hadari gefe ɗaya take kwantar da shuka. Guguwa murɗe ta take yi. Ruwan sama kuma saman ganye yake wankewa. Wannan iskar daga ƙasa ta taso, ta hura dama da hagu a lokaci guda, ta ɗebi laka ta manna a cikin ganye, kamar an kifa bakin zugazugin maƙeri a ƙasa ana jansa. Abin da ya bi ta nan bai taka laka ba, iska yake hurawa ƙarƙashinsa yana tafiya a kanta. Kuma abin da ke ruri kamar inji yana hura iska, a sanin Awaisu, mutum ne ke ƙera shi.

"Labo, kada ka ɗaure kaya tukuna."

Mairo ce ta amsa daga ƙofar gida, da tabarma naɗe a hannu. "Mun ji, Malam." Ta koma ciki ta ci gaba da abin da take yi.

*

Abin da ya shiga ruwa dole ya fita ta wani wuri. Washegari Awaisu ya hau ɗan acaɓa suka zagaya dam, yana sa shi tsayawa duk inda gaɓa ta kwanta. A can hayi, inda babu gona sai makiyaya, ya sake samun hanyar. Ta fito daga ruwa, ta hau tudu, ta share ƙasa ta tara tsakuwa gefe da gefe, ta tsaya. Daga inda ta tsaya sawun tayar a-kori-kura ya ɗauka.

Mutum biyu ne suka sauka a wurin. Ɗaya matashi mai takalmin aiki, yana ta kai da kawo. Ɗayan yana jan ƙafar dama kaɗan. Awaisu ya tsuguna a kan wannan sawun na biyu ya ƙi tashi, yana fatan idonsa ne ya tsufa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya san ƙafar.

Wani makiyayi da ke shayar da shanu ya ce ya ga motar. "Ta ɗauko wani abu kamar babban faranti, da fanka a baya, an kewaye shi da tamfol. Shanuna sai da suka watse. Mai walda ne daga Funtua, na ji direban yana kiransa Ubaidu."

*

A layin masu walda na Funtua ba a sha wahalar samun Ubaidullahi ba, don kowa ya san shi da ƙere-ƙeren da ba wanda ya sa shi. Matashi ne mai fara'a, tabon wuta ya cika masa hannu. Da ya ji baƙo na tambayar jirginsa, sai ya yaye buhunan da ya rufe shi da su, baki har kunne.

"A waya na gani, Baba. Na ce in dai mutum ne ya ƙera, ni ma zan ƙera. Wannan fankar tana hura iska ƙasa, tamfol ɗin ya kumbura ya ɗaga jirgin. Waccan ta baya ta tura shi. Ruwa, laka, yashi, duk ɗaya ne a wurinsa. Ka san da bazara kwale-kwale ba ya isa gaɓa, tumatir yana ruɓewa a hayi. Wannan zai ɗauko kwanduna ya haye laka har bakin mota."

"Ka gwada shi?"

"Sau ɗaya, a dam ɗinku. Da sassafe muka yi, don kada a taru a yi min dariya in ya ƙi tashi. Ya tashi kuwa! Sai dai an ce in ɗan dakata, wai mutanen gari ba su shirya ba."

Awaisu ya kalli fuskarsa da kyau. Ya sha kallon fuskar ɓarayi, ya san wadda ke ɓoye abu. Wannan ba ta san komai ba. Tausayinsa ya kama shi, har ya buɗe baki zai faɗa masa, sai ya tuna da Labo, ya haɗiye.

"Sun shirya yanzu. Ka kawo shi gobe da hantsi, Dagaci zai gani."

*

Ana gobe kasuwa gari ya taru a gaɓa. Dagaci yana kan kujera, Ummaru a tsaye da hannu a ƙugu, Sarkin Ruwa Bature a gefen Dagaci. Da motar ta tsaya aka sauke jirgin, Bature ya nemi wuri ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, ba wanda ya ce ya zauna.

Awaisu ya nuna wa jama'a ganyen yakuwa, samansa da ƙarƙashinsa, ya faɗi abin da ya karanta a sawun Labo. Bai ambaci Tanimu ba. Sannan Dagaci ya juya ga mai walda.

"Yaro, an ce ka shiga ruwan nan. Ka san dokar turaku?"

"Na sani, ranka ya daɗe, sai da na tambaya. Aka ce min doka ta jirgin da ke tsaga ruwa ce. Nawa kuwa ba ya taɓa ruwa, a kan iska yake. In ma yana gudu sosai, igiyar da yake tadawa ba ta kai ta kwale-kwale ba."

"Ikon Allah," in ji Ummaru. "Ni aka hana ni ruwa damina guda saboda na wuce turke. Ashe laifin jirgina bai ɗaura zani ba ne."

Wasu suka yi dariya. Awaisu bai yi ba. Ya sa aka kawo gora, aka ɗora mata buhun yashi mai nauyin mutum, aka tura ta cikin turaku.

"Ka yi yadda ka yi ranar," ya ce wa Ubaidullahi. "Ka fita, ka dawo, ka hau laka ta wajen gonar can."

Injin ya yi ruri, tamfol ya kumbura, jirgin ya zame a kan laka ya faɗa ruwa cikin farin feshi. Mata suka yi salati, tsofaffi suka ja da baya. Ya yi nisa, ya juyo da gudu, ya wuce jan ƙyalle ko a jikinsa. Gaskiya ya faɗa, a guje ba ya tada igiya sosai. Amma da ya zo lanƙwasa don hawa laka sai ya sassauta, jirgin ya ɗan zauna a ruwa, ya turo wani tudun ruwa gefe, iskar ƙarƙashinsa ta biyo baya. Gorar ta ɗaga, ta karkace, ta kife. Buhun ya nutse.

Ubaidullahi ya kashe inji a kan laka ya diro yana murmushi, yana jiran tafi. Ba wanda ya motsa.

"Ranar ba buhu ba ne a kanta," in ji Awaisu. "Mutum ne, sunansa Tanimu. Yana duba mamarinsa, ya faɗa cikin ƙugiyoyi. An binne shi."

Matashin ya kalli gorar, ya kalli Awaisu. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, ya zauna daɓas cikin laka. "Wallahi ban gani ba. Feshi yana rufe min gefe. Wallahi, Baba, ban gani ba."

"Na yarda. Wa ya ce maka doka ba ta hau kanka ba?"

Ubaidullahi ya ɗaga hannu ya nuna Sarkin Ruwa.

"Na ga sawunka a hayi, Bature," in ji Awaisu a hankali. "Ƙafar dama. Na so a ce ba kai ba ne."

Sarkin Ruwa ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. "Tare za mu yi sana'ar ɗaukar tumatir, shi da jirgi, ni da ruwa. Da ya tambaye ni doka, na ga in na ce ya kashe inji a turke ba zai iya hawa laka ba, amfanin jirgin ya ƙare. Sai na ce ba ta shafe shi ba. Ina zaune a gaba ranar. Na ga gorar ta kife. Na ce a raina Tanimu ne, ya fi ni iya ruwa, zai fito. Ban ce wa yaron ya tsaya ba."

"Labo fa?" in ji Dagaci.

"Ban sa shi ya ce shi ne ba, ranka ya daɗe. Da ya faɗa, sai na ga ƙofa a buɗe, na bi."

Samarin da suka yi maganar ashana kwanaki suka sunkuyar da kai, kowa yana kallon yatsun ƙafarsa. Dagaci ya miƙe.

"Ku ji, don kada wani ya sake zuwa mana da wayo. Ba don jirgi aka kafa turakun nan ba, don mai gora aka kafa su. Ko kana taɓa ruwa, ko a kan iska kake, ko fiffike gare ka, in ka iso jan ƙyalle ka kashe inji ka ɗauki filafili. In jirginka ba ya iya haka, a nema masa wata gaɓa." Ya sa aka buga wa 'yan sanda waya, ya hana kowa taɓa mutanen biyu. Sannan ya ce, "A kira min Labo."

Wanda aka aika ya dawo da sauri. Gidan a buɗe yake, babu kowa, ko kaza ba a bari ba.

*

Sawun amalanke mai kaya ba ya bukatar gwani. Awaisu ya bi shi a kan hanyar Gozaki, ya cim musu bayan la'asar a wata mashaya, sun kwance shanu suna hutawa. Labo yana zaune a gindin taya, Mairo tana ba jikokinta ruwa.

Awaisu ya faɗa musu komai, jirgin, da gorar, da Bature. Labo ya saurara baki buɗe. Da aka gama ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa.

"Ashe ba ita ba ce," ya ce. "Ashe ba ni na kashe shi ba."

"Ba kai ba ne. Dagaci ya ce ka koma gidanka da gonarka, zai tara gari a ba ka haƙuri."

Labo ya goge ido ya dubi matarsa. Mairo ta ajiye ƙwaryar ruwan.

"Malam, Allah ya saka maka, kai ka yi naka. Amma a garin nan aka yanke cibiyar Labo. Babu gidan da bai ci albasarsa ba, babu gayyar noman da bai je ba. Ya ce shi ne don tsoro da rashin sani. Zauren nan cike yake da mutanen da suka san shi tun yana tsirara, ba a sami wanda ya ce a'a, Labo ba ya kisa ba. Yau inji ya wanke shi. Ran da yaro ya faɗa rijiya, ko saniyar wani ta kwana ta mutu, babu inji a kusa, wa zai wanke shi?"

Kunya ta kama Awaisu, ta gari duka, har da tasa, don shi ma sai da ya duba ƙasa kafin ya yarda da Labo.

Labo ya tashi ya ɗaura wa shanu karkiya. Ya ɗora yaran a kan kaya, ya riƙe igiya, sannan ya waiwayo.

"Ka gaida min Hafsatu. Ka ce mata na yi iyakar guduna, ban same shi da rai ba."

Amalanken ta ƙetare mashaya ta hau tudu. Awaisu ya tsaya har ƙarar tayoyin ta ɓace, sannan ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai.